Kafin Ka Ciro Kuɗinka: Tambayoyinku Kan Kashi na Biyu na Black Panther

Assalamu alaikum, masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka taru mini a wannan karon a kan fim ɗaya suke, wato Black Panther: Wakanda Forever, kashi na biyu na labarin baƙar damisar nan ta kamfanin Marvel, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2022. Wani zai ce ai fim ɗin ya kwana biyu, amma duk wanda ya san yadda muke kallo ya san fim ba ya tsufa a wurinmu sai ya gama zagaya wayoyi. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wani ɗalibi daga Zariya: Malam, na kalli kashi na farko har sau uku, amma ban taɓa ganin na biyu ba. Abokaina sun rabu gida biyu, wasu na cewa ya fi na farko, wasu kuma na cewa barci ne ya kwashe su. Ga tsadar data, ga aljihun ɗalibi. Ya cancanci in kashe masa kuɗi?

Ƙanena, ya cancanci ka kalle shi sau ɗaya, da sharaɗin ka san abin da za ka tarar, domin abokanka da suka yi barci fim ɗin dambe suka je nema, sai suka tarar da zaman makoki. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa, sarkin ƙasar Wakanda a labarin, ya rasu ranar 28 ga Agusta, 2020, yana da shekara 43, bayan ya yi shekara huɗu yana fama da ciwon dajin hanji ba tare da duniya ta sani ba. Kamfanin ya ƙi ɗauko wani jarumin ya maye gurbinsa, sai mai ba da umarni, Ryan Coogler, ya sake rubuta labarin ya sa sarkin ma ya mutu tun a mintunan farko. Saboda haka fim ɗin gaba ɗayansa a kan waɗanda aka bari ya tsaya: uwa, Sarauniya Ramonda, da ƙanwa, Shuri, wadda duk iliminta na kimiyya ya kasa ceto ɗan'uwanta, take kuma jin haushin duniya da kanta.

A ganina nan ne ƙarfinsa yake. Angela Bassett, wadda ta fito a uwar, ta yi wasan da ya sa sunanta ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar, kuma wurin da ta tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya tana tona asirin ƙasashen da suke yi mata wa'azin zaman lafiya da rana, su tura sojojin haya da dare su sato mata ma'adini, ya isa ya biya ka kuɗin datarka. Harin da ake magana a kansa a Ansongo ta ƙasar Mali aka nuna shi, maharan kuma Faransanci suke yi, don haka mutumin Yamai ko Maraɗi ba ya bukatar a yi masa bayanin inda aka dosa. Tufafin ma abin kallo ne, kuma matar da ta tsara su, Ruth Carter, ta ci Oscar da su kamar yadda ta ci da na kashi na farko. Abokin gabar da aka kawo, Namor, sarkin wata al'umma da ke zaune a ƙarƙashin teku, ba mugu ba ne na banza: kakanninsa 'yan ƙabilar Maya ne da suka gudu cikin ruwa a ƙarni na 16 saboda cutar agana da zaluncin Turawan Sifaniya, kuma idan yana magana sai ka ga kana gyaɗa kai.

Sai dai ba zan ɓoye maka aibunsa ba. Tsawonsa minti 161 ne, wato awa biyu da minti arba'in da ɗaya, kuma da an ba ni almakashi da na rage rabin awa ba tare da labarin ya yi ɗingishi ba. Duk wuraren da ake komawa Amurka ana nuna jami'an leƙen asiri suna cacar baki, share fage ne kawai na wasu finafinan da kamfanin yake shirin sayar maka nan gaba. Yarinyar nan ɗalibar injiniya, Riri, ita ma an cusa ta ne don a tallata shirinta na daban. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa shi ne, an ɗauko al'ummomi biyu da aka zalunta an haɗa su yaƙi da juna, masu kwaɗayin arzikinsu kuma suna gefe. Faɗan ƙarshe a kan jirgin ruwa bai kai ya kawo ba. Kasuwa ma ta nuna haka: na farko ya haura dala biliyan 1.3 a duniya, na biyu ya tsaya a wajen miliyan 859, duk da cewa a gidajen sinima na Najeriya ya haura naira biliyan ɗaya, abin da ba wani fim da ya taɓa yi kafin shi. Ba mamaki, tunda an yi bikin nuna shi a Legas, ga kuma hannun Tems da muryar Burna Boy a waƙoƙinsa.

Game da data, lissafin a fili yake. Kallon fim kai tsaye ta intanet a hoto mai kyau yana iya cin gigabait uku a awa ɗaya, a matsakaicin hoto kuma kusan ɗaya, sai ka ninka da kusan awa uku ka duba abin da ya rage maka na wata. A kan allon waya matsakaicin ya wadatar. Kada ka ci kuɗin takardun darasi saboda Wakanda.

Wani daga Bauchi: An ce mini sai na kalli duk finafinan Marvel da suka gabata kafin in gane wannan. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Wannan shi ne na talatin a jerin, kuma wanda ya ce sai ka bi ashirin da tara kafin shi, ko dai mai tura finafinai ne da yake son cinikinka, ko kuma ba shi da aikin yi. Ka kalli na 2018 kawai, wanda aka buɗe faɗansa na farko a dajin Sambisa, ya ishe ka.

Wani ɗan kasuwa daga Kano: Malam, wani ya tallata mini a WhatsApp cewa zai ba ni shiga Disney+, dandalin kallon finafinai ta intanet, na har abada a kan kuɗi kaɗan, in biya sau ɗaya shi ke nan. Wani kuma yana sayar da memori mai gigabait 128 cike da finafinan Marvel a farashin da bai kai na memorin da babu komai a cikinsa ba. Wanne ya fi?

Alhaji, ba cinya ba ce ƙafar baya ce, kuma ina roƙon sauran masu karatu su yi haƙuri, domin a nan zan daɗe.

Mu fara da na har abada. Disney+, inda aka sa wannan fim tun ranar 1 ga Fabrairu, 2023, kuɗin wata ko na shekara ake biyansa, babu wani tsari na biya sau ɗaya. Ya buɗe a Afirka ta Kudu a watan Mayun 2022, amma bai buɗe rajista ga mazauna Najeriya ba. To, kai ɗan kasuwa ne: idan mai kaya da kansa bai kawo kayansa garinku ba, kuma ba ya sayar da su a irin wannan ma'auni, daga ina dillalin ya samo? Ko dai asusun wani bawan Allah ne aka sace kalmar sirrinsa, ko kuma asusu ɗaya ne aka sayar wa mutum ashirin. Ko wanne ne, ƙarshensa ɗaya: bayan mako biyu ko uku a canza kalmar sirri, ka kira lambar dillalin ka ji ta a kashe. Ba ka da rasit, ba ka da wurin kai ƙara, kuma ko ka je me za ka ce ka saya?

Wannan ma shi ne mai sauƙin. Mai haɗarin shi ne wanda zai ce maka tunda abin ba ya aiki a ƙasarku, ga wata manhaja ta musamman ka sauke daga wannan mahaɗin, ba daga Play Store ba. Da ka sa ta, sai ta nemi izinin karanta saƙonninka da ganin lambobin da ke wayarka, kai kuma saboda ɗokin fim sai ka yi ta danna amincewa. Ka tsaya ka tambayi kanka: me ya haɗa manhajar kallon fim da saƙonnin waya? A cikin saƙonnin nan ne banki yake turo maka lambar tabbatar da cire kuɗi. Garin neman gira sai a rasa ido, mutum ya tsere wa biyan kuɗin fim ya wayi gari jarin shagonsa ya bi iska. Duk wanda ya tambaye ka BVN ko lambar bayan katinka da sunan rajistar kallo, ka rufe shi nan take, ba sai ka yi masa sallama ba.

Sai memori. A nan ba labari aka ba ni ba, a jikina na ji. Shekarun baya na sayi wani a gefen hanya, an rubuta 64 a jikinsa, kwalinsa na sheƙi, na sa a waya ta nuna 64 ɗin cif. Na kwashe hotuna da bidiyon sunan ɗiyata na zuba a ciki, na goge na kan wayar don in sami fili. Bayan wata guda uwargida ta ce in nuna wa 'yan'uwanta da suka zo, na buɗe, sunayen hotunan duk suna nan a jere, amma kowanne na taɓa sai wayar ta nuna baƙin allo. Wanda ya duba mini ya ce asalin cikinsa 8 ne. Yadda ake yin abin shi ne, ana sauya bayanin da ke cikin ɗan ƙaramin katin ya riƙa yi wa waya ƙaryar girmansa, idan ka wuce iyakarsa ta gaskiya sai sabon abu ya hau kan tsohon ya murƙushe shi, ko ya ɓace gaba ɗaya, jerin sunayen kuma yana nan lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Shi ya sa mai sayar maka zai buɗe fim biyu ko uku na farko a gabanka su yi aiki, ka biya ka tafi, sauran kuma suna ne kawai babu komai a bayansa. Hotunan nan har yau ban same su ba, kuma har yau ana yi mini gori a gida.

Idan dole sai ka sayi memori, ka saya a shagon da yake da mazauni, wanda za ka iya komawa gobe ka same shi, ka karɓi rasit, sannan kafin ka zuba abin da kake ji da shi ka gwada shi. Akwai ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da take cika katin da bayanai har bakinsa ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin abin da yake ɗauka. Idan mai kaya ya ƙi yarda a gwada, ya riga ya ba ka amsa. Kai ma ka san nawa ake sayar da na ƙwarai a kasuwar waya ta Farm Centre, don haka idan aka yi maka rabin wannan kuɗin har da gyaran finafinai talatin a kai, ka tuna araha ba ta ado.

Ko da memorin ya zama na gaske, akwai matsalar abin da ke cikinsa. Da yawa daga kwafin da suka fara yawo na wannan fim da waya aka ɗauke su a ɓoye cikin sinima: hoto a karkace, kan mutum ya gifta, ana jin tari da dariyar 'yan kallo, ga tallan caca yana ratsa tsakiyar allo duk bayan 'yan mintuna, wanda kuma yaranka za su haddace kafin su haddace sunan jarumar. Wannan fim ya fi kowanne shan wahala a irin wannan kwafi, saboda wurare da yawa da dare aka yi su ko a ƙarƙashin ruwa, har waɗanda suka gan shi a sinima sun yi kukan duhunsa. Birnin Talokan na su Namor da aka kashe maƙudan kuɗi wajen ƙera shi, a kwafin jabu sai ka ga kamar an leƙa rijiya da magariba. Ƙari a kan haka, ana yawan magana da harshen Xhosa na Afirka ta Kudu da harshen Maya da Faransanci, kuma sai da fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo ake gane su, to idan a wata ƙasa aka sato kwafin, rubutun da harshensu zai fito maka. Ina kyautata zaton rabin masu cewa fim ɗin bai yi ba, irin wannan suka kalla.

Ba zan yi kamar ban san cewa yawancinmu a wurin masu turawa muke samun fim ba. Amma ba zan ce maka halal ɗinka ba ne: satar fasaha ce, doka ta hana, kuma ita ce ta karya kasuwar faifan finafinanmu na Hausa, mu ɗin nan da muke kuka da ita idan ta taɓa namu. Idan kana da tauraron ɗan Adam a gida, ka riƙa duba jadawalin tashoshin finafinai. Idan kana da ɗan'uwa a Ingila ko Saudiyya, inda Disney+ yake aiki a hukumance, ka bari sai ka kai ziyara, ko ka sa a sayo maka faifai na asali. Fim ba magani ba ne da za a ce jira zai yi maka illa.

Wani matashi daga Gusau: Wani ya nuna mini zobe ya ce da vibranium aka yi shi, ƙarfen Wakanda, yana hana harsashi shiga. Nawa ya kamata in taya?

Kada ka taya ko sisi, kuma ka yi istigfari a kan lokacin da ka ɓata kana sauraronsa. Babu ƙasa mai suna Wakanda, babu ƙarfe mai suna vibranium. Marubutan littattafan zane na Amurka ne suka ƙirƙiro su a 1966, shekarar da Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Black Panther ɗin kansa. Wannan ɗan'uwan masu neman jan mekuri ne a cikin tsohon keken ɗinki, riga kawai ya sauya. Ina fata dai ba ka yarda a gwada maganar harsashin a jikinka ba.

Wani magidanci daga Katsina: 'Ya'yana maza biyu, mai shekara shida da mai tara, sun dame ni in saya musu rigar Black Panther mai abin rufe fuska da farata don Sallah, kuma suna so su kalli fim ɗin. Me kake gani?

Malam, fim ɗin a Amurka an ware shi ne ga 'yan shekara 13 zuwa sama, ƙasa da haka sai da kulawar iyaye, kuma da dalili: akwai sukar mashi, akwai mutanen da waƙa take ruɗawa su faɗa teku da ƙafarsu, akwai ambaliyar da ta ci gari. Ga kuma batun bautar gumaka da ganawa da matattun kakanni, wanda ya kamata ka kasance a wurin don ka yi musu bayanin cewa tatsuniya ce. Mai tara zai iya idan kana kusa, mai shida kuwa ka ƙyale shi, ko ba komai ba zai iya zama awa uku ba.

Rigar kuma ban ba ka shawara ba. Waɗanda suke cika kasuwa gab da Sallah ba na kamfanin ba ne, roba ce zalla da ba ta shan gumi, ka sa wa yaro ita a zafin Katsina ka ga yadda ƙuraje za su feso masa, ɗinkin kuma ba ya kai yammacin ranar. Faratan roba mai tauri a hannun yara biyu da suke kwaikwayon faɗa, ido ake ji wa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne abin rufe fuskar mai wuta, domin da ƙananan batura masu kama da maɓalli yake aiki, murfinsu kuma sau da yawa ba shi da ƙusa, kuma idan ƙaramin yaro ya haɗiyi ɗaya tana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awanni. Idan akwai mai rarrafe a gidan, kada abin ya shigo. Ka sayi baƙin yadi mai sanyi ka kai wa tela da hoton, ya yi musu aikin zare mai ruwan azurfa a wuya. Sarkin Wakanda kansa idan ba ya fagen fama doguwar riga mai aiki a gaba yake sawa, ka nuna musu wannan.

Wata baiwar Allah daga Kaduna: Yayana ya rasu wata huɗu da suka wuce bayan doguwar jinya. Tare muka kalli kashi na farko, yana son sa ƙwarai. Ƙawayena sun ce mu haɗu mu kalli na biyu don in ɗan sake, amma na ji an ce maganar mutuwa ce a ciki. Ina tsoro. In je?

Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya ba ku haƙurin rashinsa. 'Yar'uwata, tsoronki yana kan hanya, kuma gara da kika tambaya, domin ƙawayenki da kyakkyawar niyya suka zo amma ba su zaɓi fim ɗin sakewa ba. An buɗe shi ne da ƙanwa tana ta fafutukar haɗa magani yayanta na kwance, aka zo aka ce mata ya cika kafin ta gama. Daga nan sai jana'iza, kowa cikin fararen kaya, sannan tambarin kamfanin ya fito shiru babu kiɗa, hotunan marigayin jarumin kawai suna wucewa. Akwai kuma wata mutuwar a tsakiya da ba zan faɗa miki ta wane ne ba, amma ki san tana nan. Hawayen da za ki gani a fuskokin 'yan wasan ba duka ne na wasa ba, abokin aikinsu suka rasa.

Ba zan ce miki kada ki kalla ba har abada. Wasu da suka yi rashi sun ce ya yi musu daɗi su ga an nuna fushin da mai makoki yake ji yana jin kunyar faɗa, irin na Shuri da ta ƙi ƙona kayan makokinta sai a can ƙarshe. Amma ba a cikin taron ƙawaye ba, ana ciye-ciye ana hira, inda za ki riƙa haɗiye kuka don kada ki ɓata wa mutane rai. Ki ce musu su zaɓi wani fim a wannan haɗuwar, ba wanda zai ga laifinki, kuma kada ki kashe ko kwabo a kansa yanzu. Idan ranar ta zo da kika ji za ki iya, ki kalla a ɗakinki da mutum ɗaya wanda ya san yayan naki, abin tsayarwa yana hannunki, ki tashi duk inda ya yi miki nauyi. Idan kin kai ƙarshe kada ki kashe da zarar sunaye sun fara fitowa, ki ɗan jira, akwai wani ɗan guntun wuri a bakin teku a ƙasar Haiti da aka ajiye a tsakiyar sunayen, kuma bayansa babu wani.